Yadda Kiɗan Jaz Ya Shiga Manyan Zaurukan Kiɗa: Tambayoyi da Amsoshi

Jaz kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka, wanda ya tsiro a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Kafin ya cika shekara arba'in ya riga ya hau dandamalin da a da ba a yarda kowa ya hau ba sai masu kiɗan Turai. Ga tambayoyin da aka fi yi game da wannan tafiya.

Mene ne zauren kiɗa, kuma me ya sa shigar jaz cikinsa ta zama abin magana?

Zauren kiɗa gini ne da aka yi shi domin saurare kawai. Kujeru ne a jere, kowace da lambarta, ga dandamali a gaba, ga benaye sun kewaye shi. Ba a rawa, ba a ciye-ciye, ba a hira. Mutum ya sayi tikiti, ya sa kayansa masu kyau, ya zauna shiru har a kai ƙarshen kiɗa, sannan ya yi tafi. Mafi suna a Amurka shi ne Carnegie Hall da ke New York, wanda aka buɗe a 1891, mai cin mutum kusan 2,800. Tchaikovsky da kansa, shahararren mai tsara kiɗa na Rasha, yana cikin waɗanda suka jagoranci makaɗa a bikin buɗe shi.

A wancan zamani masu kuɗi da masu ilmin Amurka sun ɗauka cewa kiɗa na ƙwarai shi ne wanda aka rubuta a Jamus ko Italiya ko Faransa. Duk kiɗan da ya shiga irin wannan zaure, an shaida ke nan cewa ya isa a zauna a ba shi hankali. Jaz kuwa kiɗan jikokin bayi ne, a ƙasar da doka ta raba baƙi da fari a makaranta da jirgin ƙasa da wurin shan ruwa.

A ina ake kaɗa shi kafin nan?

A titi, bayan makara, domin a New Orleans da badujala ake raka gawa. A gidajen rawa da mashaya, da cikin jiragen ruwan da ke bin kogin Mississippi. Da baƙaƙen fata suka yi ta ƙaura daga kudu zuwa arewa neman aiki, kiɗan ya bi su Chicago da unguwar Harlem ta birnin New York. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta sayar da giya a Amurka, sai mashayun ɓoye suka yawaita, yawancinsu a hannun 'yan daba, kuma nan ne makaɗan jaz da yawa suke samun na abinci. Wannan ya ƙara ɓata wa kiɗan suna a wurin malaman coci da 'yan jarida.

Wa ya fara kai irin wannan kiɗa Carnegie Hall?

Da yawa za su ce Benny Goodman a 1938. Wasu su ce Paul Whiteman a 1924. Ni dai duk lokacin da aka yi mini wannan tambaya, sunan James Reese Europe nake fara kira, domin ya riga su duka.

Europe baƙar fata ne haifaffen jihar Alabama. A 1910 ya kafa Clef Club a New York, ƙungiyar da ke nema wa makaɗa baƙaƙe aiki, tana tsaya musu a kan a biya su haƙƙinsu. Ranar 2 ga Mayu, 1912, ya hau dandamalin Carnegie Hall da makaɗa kusan 125, domin tara wa wata makarantar koyar da 'ya'yan baƙaƙen fata kiɗa kuɗi. Abin da jama'a suka gani a daren bai yi kama da abin da suka saba gani a wurin ba. Ga fiyano an jera su kusan goma. Ga masu banjo da mandolin birjik, sun cika inda masu goge irin na Turai suka saba zama. Makaɗan suna cikin kiɗa sai su ɗauki waƙa da bakinsu gaba ɗaya. Duk abin da aka kaɗa kuma, baƙaƙen fata ne suka tsara shi, da gangan Europe ya yi haka. Bai zo don ya nuna cewa mutanensa sun iya kwaikwayon Turawa ba. Zauren ya cika maƙil, baƙi da fari suka zauna a gauraye, kuma aka sake gayyatarsu a 1913 da 1914.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, Europe ya jagoranci badujalar rundunar sojan baƙaƙe ta 369 zuwa Faransa, inda Faransawa da yawa suka fara jin irin wannan kiɗa daga gare su. Ya dawo gida da suna, amma bai daɗe ba. A watan Mayun 1919, a Boston, wani mai ganga daga cikin yaransa ya soke shi da wuƙa a wuya, ya rasu bai kai shekara 40 ba.

Amma abin da suka kaɗa a 1912, jaz ne kuwa?

Ba jaz ba ne irin wanda aka sani daga baya. Kalmar ma ba ta bazu ba tukuna, kuma faifan jaz na farko sai a 1917 aka naɗe shi. Abin da suka yi ya haɗa da kiɗan maci, da ragtime (wani salon kiɗan baƙaƙen fata da ya riga jaz), da waƙoƙin ibada na zamanin bauta. Amma daga cikin waɗannan ne jaz ya fito, kuma mutanen da suka yi shi su ne masu abin. Ba a naɗi sautin daren ba, wannan ma yana cikin dalilan da suka sa aka manta da shi.

Gaskiya ne Turai ta riga Amurka girmama jaz?

Da ƙamshin gaskiya. A 1919 Will Marion Cook ya kai ƙungiyarsa, Southern Syncopated Orchestra, Landan, suka yi watanni suna wasa a Philharmonic Hall, har aka gayyaci wasunsu fadar Buckingham suka yi wa Sarki George na Biyar kiɗa. Cikinsu akwai wani saurayi ɗan New Orleans mai shekara 22, Sidney Bechet, mai busa kilarinet. Ernest Ansermet, babban jagoran makaɗa daga Switzerland, ya yi ta komawa yana saurarensu, daga bisani ya rubuta a wata mujalla cewa saurayin nan gwani ne mai baiwa ta gaske. Ana lissafa rubutun nan cikin na farko da wani masani ya ɗauki makaɗin jaz da muhimmanci. Sai dai kada a ɗauka Turai ba ta da nata wariyar. An fi ba su wuri a dandamali fiye da yadda aka ba su a masauki.

Me ya faru a Aeolian Hall a 1924?

Paul Whiteman farar fata ne mai babbar ƙungiyar kiɗan rawa, faya-fayansa suna fita da miliyoyi. Ya shirya wasa ranar 12 ga Fabrairu, 1924, a Aeolian Hall da ke New York, ya ce gwaji ne na kiɗan zamani. Manufarsa ita ce ya nuna wa manya cewa jaz ya fara da hayaniya, amma ga shi an goge shi an gyara shi. Shi ya sa ya buɗe da "Livery Stable Blues", kiɗan da ake kwaikwayon kukan doki da carar zakara da ƙahoni, don a ji yadda abin yake a ɗanyensa.

Wasan ya yi tsawo, kaɗe-kaɗe sun haura ashirin, mutane sun gaji, wasu har sun fara nufar ƙofa. Sai dab da ƙarshe George Gershwin, ɗan shekara 25, ya zauna a gaban fiyano. Mai kilarinet Ross Gorman ya ja wata doguwar busa, ya faro ta daga ƙasa can ya zame da ita sama ba tare da yankewa ba, kamar kukan jiniya. Wannan shi ne farkon "Rhapsody in Blue". Masu fita suka koma kujerunsu.

Cikin 'yan makonni Gershwin ya tsara shi, domin sai a farkon Janairu ya ga a jarida an ce wai yana shirya wa Whiteman sabon kiɗa. Ferde Grofé ne ya raba wa kowane makaɗi nasa kaso. Gaggawar ta kai har wasu shafukan fiyano babu komai a kansu, Gershwin da ka ya kaɗa su, Whiteman kuma yana jiran ya gyaɗa masa kai kafin ya shigo da sauran makaɗa.

To Whiteman ya cancanci sunan "Sarkin Jaz" da aka sa masa?

A ganina bai cancanta ba, ko da yake ba na cikin masu zaginsa. Ba makaɗi baƙi ko ɗaya a dandamalin Aeolian Hall a wannan rana. A daidai lokacin kuwa, King Oliver da Louis Armstrong suna Chicago suna busa wa masu rawa ƙaho, sun riga sun naɗi faya-fayan 1923 waɗanda har gobe masu koyon jaz suke komawa gare su. Ba wanda ya kira su zaure. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma a faɗi alherinsa. Yana biyan makaɗansa da kyau, ya ɗauki gwanaye irin su Bix Beiderbecke, ya kuma ba baƙaƙen masu tsara kiɗa irin su William Grant Still aiki. Shi "Rhapsody in Blue" kiɗa ne mai daɗi, kuma ya zauna da gindinsa. Kawai dai kiɗan zaure ne da ya ari muryar jaz. Abin da ya sa jaz ya zama jaz, wato makaɗi ya ƙirƙiro nasa nan take yana amsa wa 'yan uwansa, kaɗan ne a cikinsa.

Baƙaƙen makaɗa sun sake samun shiga tsakanin 1914 da 1938?

Sun samu, amma jefi-jefi. Wanda aka fi tunawa shi ne na W. C. Handy a Carnegie Hall ranar 27 ga Afrilu, 1928, inda Fats Waller ya kaɗa "Yamekraw", dogon kiɗan da malaminsa James P. Johnson ya tsara.

Me ya sa daren Benny Goodman na 1938 ya fi sauran suna?

Saboda ranar ce aka shigo da jaz yadda yake a gidan rawa, ba a canza masa riga ba, kuma saboda sautin ya tsira.

Goodman mai busa kilarinet ne, ɗan talakawa, iyayensa Yahudawa 'yan ci-rani daga ƙasar Rasha, a Chicago ya tashi. A 1938 yana da shekara 28, rediyo ya riga ya kai sunansa ko'ina, matasa suna tururuwa wajen wasansa. Duk da haka da aka kawo masa shawarar Carnegie Hall sai da ya yi jim, don yana tsoron a yi masa dariya. Ranar Lahadi 16 ga Janairu aka yi wasan. Tikiti ya ƙare tun kafin ranar, mafi tsada dala 2.75, har sai da aka jera ƙarin kujeru a kan dandamali kusa da makaɗa.

Wanda ya saurari faifan da kyau zai ji tsoron da ke jikinsu a farko. Kiɗan buɗewa, "Don't Be That Way", ya fara a ɗaure, kowa yana taka-tsantsan kamar baƙo a gidan surukai. Sai Gene Krupa ya sami ɗan gurbi ya zazzaga wa gangunansa duka, jama'a suka ɓarke da ihu, daga nan jikin kowa ya saki.

Abu na biyu shi ne waɗanda suka hau dandamalin. Teddy Wilson mai fiyano da Lionel Hampton, dukansu baƙaƙe, suna wasa da Goodman a fili tun 1936, abin da ba kasafai ake gani ba a lokacin. A daren kuma ya gayyato Count Basie da Lester Young da Buck Clayton, da mutum uku daga ƙungiyar Duke Ellington, shahararren jagoran makaɗa baƙar fata: Johnny Hodges, Harry Carney da Cootie Williams. Baƙi da fari suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna karɓa-karɓa. Da yawa daga kaɗe-kaɗen da suka ɗaga Goodman ma, Fletcher Henderson ne, baƙar fata, ya tsara masa su.

Wurin da na fi ƙauna yana cikin "Sing, Sing, Sing", wanda ya ɗauki kimanin minti 12. An yi ta rugugin ganga, ƙahon Harry James ya yi kururuwa, Goodman ya kai kilarinet ƙololuwa. Kowa ya zaci an zo ƙarshe. Sai Goodman ya miƙa wa mai fiyano Jess Stacy, wanda ba ya cikin tsarin ya yi shi kaɗai a wurin. Stacy bai bi hayaniyar ba. Ya sassauta hannu, ya riƙa taɓa fiyanon a hankali kamar mai magana da kansa, wajen minti biyu, ganga tana bin sa ƙasa-ƙasa. Na fara jin wannan wuri ne da dare, da abin saurare a kunne, ga ƙarar tsohon faifai tana shii a bayansa, sai da na mayar da shi baya sau uku. A gidan rawa da wannan tattausan kiɗa ya nutse cikin takun ƙafa da ƙarar kofuna. Sai a zaure, inda mutum kusan dubu uku suka yi tsit, zai iya fitowa.

Da aka tashi, Basie da yaransa suka zarce Harlem, gidan rawa na Savoy, inda suka kara da ƙungiyar Chick Webb a wannan daren.

Yaya aka yi sautin ya iso gare mu?

Wani mai suna Albert Marx ne ya sa aka naɗa, aka ba Goodman kwafi. Shi kuma ya jefa faya-fayan cikin kabad ya manta da su har shekara 12. A 1950 aka tsinto su, kamfanin Columbia ya fitar da su a kan sabon samfurin faifai mai dogon zango. An sayar da fiye da miliyan ɗaya.

Mene ne "From Spirituals to Swing"?

Wasa ne da John Hammond, mai zaƙulo makaɗa da shirya faya-fayai, ya shirya a Carnegie Hall ranar 23 ga Disamba, 1938, don tunawa da mawaƙiya Bessie Smith da ta rasu a hatsarin mota a 1937. Nufinsa a bi tarihin kiɗan baƙaƙen Amurka tun daga waƙoƙin ibada har zuwa manyan ƙungiyoyin rawa. Ya sha wuya kafin ya sami mai ɗaukar nauyi, ƙarshe wata mujallar 'yan gurguzu, New Masses, ce ta yarda.

An ga Sister Rosetta Tharpe da jitarta, da Sonny Terry makaho mai busa, da Bechet, da Basie, da masu fiyano uku: Albert Ammons, Meade Lux Lewis da Pete Johnson. Hammond ya aika a nemo masa mawaƙi Robert Johnson daga Mississippi, sai aka tarar ya rasu tun watan Agusta. Sai aka sa faifansa a garmaho a kan dandamali, jama'a suka zauna suna sauraren muryar mamaci. Cikin 'yan kallo akwai Alfred Lion, ɗan gudun hijira daga Jamus. Bayan mako biyu ya kai Ammons da Lewis ɗakin naɗar sauti, kamfanin faya-fayan jaz na Blue Note ya samo asali ke nan.

Duke Ellington fa, me ya sa bai shiga ba sai 1943?

Tambayar da ke ci mini rai ke nan. Ellington ya yi suna tun 1927 a Cotton Club, gidan rawar da baƙaƙe ke kiɗa amma fararen fata ne 'yan kallo. Ya je Ingila a 1933 an karɓe shi hannu bibbiyu. Yaransa ma sun riga shi hawa Carnegie Hall a matsayin baƙin Goodman. Shi kuwa sai ranar 23 ga Janairu, 1943, a wasan tara wa Rasha gudummawar yaƙi.

Ya zo da "Black, Brown and Beige", kiɗa mai tsawon minti 45 ko fiye, wanda ya ba da labarin mutanensa tun daga bauta da waƙoƙin aikin gona, zuwa coci, zuwa yaƙe-yaƙen da suka yi wa Amurka, zuwa Harlem. Wasu masu sharhi a jaridu suka auna shi da mudun kiɗan Turai, suka ce ba shi da tsari. Abin ya yi masa zafi, ya daina kaɗa shi a dunƙule, sai gutsure-gutsure. Amma ya ci gaba da komawa zauren kusan kowace shekara har 1948, kowane zuwa da sabon dogon kiɗa.

Shiga zaure ya kawar da wariya?

Bai kawar ba. A 1939 an hana Marian Anderson, mawaƙiyar da Turai ta yi wa tafi, yin waƙa a Constitution Hall da ke Washington saboda launin fatarta, sai a fili ta yi, a gaban mutum kusan 75,000. Wanda ya yi faɗa sosai a kan kujerun 'yan kallo shi ne Norman Granz. Ya fara wasanninsa na Jazz at the Philharmonic a Los Angeles ranar 2 ga Yuli, 1944, yana kuma sa sharaɗi a yarjejeniya cewa ba za a raba wurin zama ba, in an ƙi ya fasa wasan ko da zai yi asara. A Houston a 1955 da hannunsa ya cire allunan da ke raba banɗakin baƙi da na fari. A daren 'yan sanda suka kutsa ɗakin shiryawa suka kama Ella Fitzgerald da Dizzy Gillespie bisa zargin caca.

Zauren ya amfani jaz ne ko ya cuce shi?

Ya ba makaɗa kuɗi mafi tsoka, da tashi da wuri maimakon kwana ana busa har asuba, da masu saurare da suka zo don kiɗan kansa. Ya ba irin su Ellington fili su yi dogon numfashi, tunda faifan wancan zamani minti uku yake ɗauka a kowace fuska. Abin da ya rage kuwa shi ne rawa. Makaɗan Savoy suna kallon ƙafafun masu rawa ne su san inda za su sa nauyi, masu rawa kuma su amsa musu. Da aka zaunar da jama'a a kujera wannan amshi ya ragu, kuma daga ƙarshen shekarun 1940 matasa suka fara neman abin takawa a wasu kaɗe-kaɗen. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce zauren ne ya mayar da jaz kiɗan ƙwarai. Armstrong ya naɗi "West End Blues" tun 1928, shekara 19 kafin shahararren wasansa na zauren Town Hall da ke New York a watan Mayun 1947.

Akwai abin da ya haɗa wannan labari da ƙasarmu?

Akwai, ta fuska biyu. Banjon da ya cika dandamalin Europe a 1912, masu bincike sun gano asalinsa a kayan kiɗa masu tsirkiya da bayi suka sani a Afirka ta Yamma, ƙwarya da fata da sanda, dangin su gurmi da molo. Sannan Armstrong da kansa ya zo. Ya sauka Accra a watan Mayun 1956, E. T. Mensah da makaɗan highlife suka tarbe shi a filin jirgi. A 1960, jim kaɗan bayan samun 'yancin Najeriya, ya dawo rangadin Afirka, har ya iso Kaduna, inda aka ɗauke shi hoto tare da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello.

Wanda bai taɓa jin ko ɗaya ba, da wanne zai fara?

Ya fara da faifan Goodman na 1938, ya ji kiɗan buɗewa, sannan ya tsallaka "Sing, Sing, Sing" ya haƙura har Stacy ya shigo. Daga nan ya nemi naɗin wasan Ellington na 1943, ya tsaya a sashen "Come Sunday", inda Johnny Hodges yake busa saksofon a hankali kamar mai addu'a. In ya so jin hannun James Reese Europe, akwai faya-fayan da ya naɗa da badujalar sojansa a 1919, 'yan makonni kafin rasuwarsa. Sautin ya tsufa, yana da ƙara, sai an sa kunne sosai.